Rufaffen Batirin Babur: Abin da Ke Cin Kwanansa a Dakoro da Alamun Mutuwarsa

A gundumar Dakoro babur ba kayan ƙawa ba ne. Shi ke ɗauko mai naƙuda daga rugar da mota ba ta zuwa, shi ke kai dillali kasuwar dabbobi ta Sakabal, da shi ɗan kabu-kabu ke neman cefanen gidansa. Garin Dakoro yana sama da kilomita 100 arewa da Maraɗi, kusa da kwarin Tarka, inda gonaki ke ƙarewa yankin kiwo ya fara. Da an sauka daga babbar hanya sai rairayi da burji. A irin wannan wuri, babur da ya ƙi tashi yakan jawo asarar kasuwar mako, wani lokaci ma har da asarar rai.

Cikin kayan babur kaf, da wuya a sami wanda ake kuka da shi kamar batir. A garejin masu gyara maganar ɗaya ce: batirin yanzu ba shi da ƙwari, duk jabu ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin kasuwa ba ta rasa kaya marar kyau. Sai dai batura da yawa da ake jefarwa lafiyayyu aka sayo su. Zafi ne ya kashe su, da cajin da bai daidaita ba, da barin su kwana da kwanaki babu wuta. Kuma yawancinsu ba farat ɗaya suke mutuwa ba, sukan yi makonni suna nuna alamu. An rubuta a jikin kwalinsu cewa ba sa buƙatar kulawa, amma abin da ake nufi kawai shi ne ba a ƙara musu ruwa. Sauran kulawar na nan, ta koma kan babur ɗin da kuma halin mai shi.

Abin da ke cikin akwatin

Batirin dalma tsohon abu ne. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma tushen aikinsa bai sauya ba har yau. Batirin babur mai bolt 12 yana da ɗakuna 6, kowanne na ba da kusan bolt 2.1. A kowane ɗaki akwai farantan dalma iri biyu da ruwan batir mai asid. Idan ana jan wuta, asid ɗin yakan haɗu da dalmar ya haifar da wani farin gishiri, salfet, a jikin farantan. Idan injin ya tashi ya fara caji, gishirin ya narke, asid ya koma cikin ruwa. Wannan kai da komo shi ne rayuwar batir baki ɗaya.

Tsohon samfuri mai murafu yana rasa ruwa a lokacin caji, domin wuta na raba ruwan zuwa iska biyu, oksijin da haidurojin, su fice ta ɗan tiyo. Shi ya sa ake ƙara masa ruwa. Rufaffen batir ya zo da wata dabara. Kamfanin Sonnenschein na Jamus ya fito da mai daskararren asid a 1957, kamfanin Gates na Amurka kuma ya fito da wanda ake tsotse asid ɗin cikin wani soso na zaren gilashi a farkon shekarun 1970. Na biyun, wanda ake gani da tambarin AGM ko MF, shi ya shiga babura daga shekarun 1980, Yuasa na Japan na cikin waɗanda suka fara. A cikinsa oksijin ɗin da ya tashi daga faranti ɗaya yakan ratsa soson ya isa ɗayan, ya sake zama ruwa. Akwai kuma ɗan bawul da ke buɗewa idan iska ta yi yawa, don kada akwatin ya fashe.

Mutane na ce masa busasshen batir, amma da ruwa a cikinsa, ɗan kaɗan ne kawai, an auna shi daidai wa daida. Nan ne ƙarfinsa, nan ne kuma rauninsa. Ba ya zuba idan babur ya faɗi a rairayi, ya fi jure girgiza, ba ya cin ƙarfen da ke kusa da shi. Amma duk lokacin da bawul ɗin ya buɗe, ruwan da ya fita ya tafi ke nan.

Shekara nawa ya kamata ya yi?

Masu ƙera batura kan ce nagari yana yin shekara 3 zuwa 5. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, a yanayi mai digiri 20 zuwa 25 aka yi wannan lissafi. Akwai ƙa'idar da masana batirin dalma suka daɗe suna aiki da ita: duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 sama da 25 yana raba kwanan batir biyu. Wanda zai yi shekara 4 a digiri 25, shekara 2 zai yi a digiri 35, shekara guda a digiri 45.

To, a jihar Maraɗi zafin rana a watannin Afrilu da Mayu yakan kai digiri 40 ya wuce, kuma wannan awon inuwa ne. Batir kuwa yana maƙale ƙarƙashin kujera ko a gefen babur, kusa da injin da ya yi zafi, cikin murfin da rana ke duka. Babur da aka kafe a filin kasuwa tun hantsi har la'asar, zafin da batirinsa ke sha ya fi wanda gidan rediyo ke faɗa. Dare da damina da hunturu na rage matsakaicin zafin shekara, amma ba sa gyara ɓarnar da bazara ta yi. Saboda haka wanda batirinsa ya yi shekara biyu yana aiki kullum a Dakoro bai yi asara ba. Wanda nasa ya mutu cikin ƴan watanni kuwa, akwai dalili, kuma sau da yawa ana iya gano shi.

Zafi na ɓarna ta hanya uku. Yana gaggauta zaizayar ragar dalmar da ke riƙe da faranti. Yana busar da ɗan ruwan da ke ciki. Yana kuma sa batir ya zubar da wutarsa ko ba a taɓa shi ba: a yanayi mai sanyi kusan kashi 3 cikin 100 yake rasawa a wata, abin kuma na ninkawa da kowane ƙarin digiri 10. Wani abin lura shi ne, batirin da bazara ta raunana yakan ci gaba da aiki har zuwa hunturu. Sai da sanyin asubahin Disamba ko Janairu, lokacin da baƙin mai ya yi kauri aikin asid kuma ya yi sanyi, ya kasa juya injin. Mai babur ya ɗora laifin a kan ɗari, alhali tun watan Mayu aka yi ɓarnar.

Caji: ko ya yi yawa, ko ya gaza

Batirin ƙaramin babur irin su Haojue, Kasea ko Bajaj Boxer ɗan ƙarami ne, yawanci Ah 4 zuwa 7, kamar yadda aka rubuta a jikinsa. Wutar da ke cika shi daga kwayil take fitowa, ta bi ta rektifaya, ƴar na'urar da ke mayar da ita irin wadda batir ke karɓa, ta kuma hana ta wuce iyaka. Lafiyayyar rektifaya tana riƙe caji tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Idan ta lalace tana sakin 15 ko fiye, sai batir ya yi ta fitar da iska ta bawul har ya bushe. Ko lafiyayyar ma ba ta san zafi ba, alhali batirin da ya kai digiri 45 yana son cajin da ya gaza na digiri 25 da kusan rabin bolt. Wato a bazara, cajin da ke daidai a takarda ya riga ya ɗan yi yawa.

Nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. Batir ya mutu, an sayo sabo, an ɗaura a kan rektifayar da ta kashe na farko. Bayan wata biyu ko uku sabon ma ya kumbura, a ce mai shago ya sayar da jabu, a sake sayen na uku. Ƙwan fitila da ke yawan ƙonewa, ko haske da ke ƙaruwa fiye da kima idan an ja totur, shaida ce cewa laifin na rektifaya ne.

Ƙarancin caji kuma a hankali yake kisa. Farin gishirin nan, idan aka bar shi kwanaki ba a narkar da shi ba, yakan taurare ya ƙi narkewa, wurin da ya rufe kuma ya daina aiki. Ɗan kabu-kabu da ke gajerun tafiye-tafiye cikin gari, yana kashe injin yana tayarwa da sitata sau da dama a yini, da dare kuma fitila a kunne, yana ɗibar fiye da abin da yake mayarwa. Haka saurayin da ya tafi cin rani Nijeriya ko Agadas ya kulle babur a ɗaki wata biyar; yakan dawo ya tarar da batirin ba ya karɓar caji. Kayan da ake ƙara wa babur ma na da nasu kason: ƙararrawar ɓarawo mai rimot, rediyo, wurin cajin waya, fitilun ado. Na'urar da ke jan miliamfa 10 kacal tana cinye kusan rabin batir mai Ah 5 cikin kwana 10, ko da babur na ajiye.

Akwai kuma al'adu biyu da suka yaɗu a ƙauyukan da wutar NIGELEC ba ta kai ba. Ta farko, cire batirin babur a kunna fitila ko a caja wayoyi da shi har ya ƙare. An ƙera shi ne don ya ba da wuta mai yawa na ɗan lokaci ya koma caji nan take. Farantansa sirara ne, kuma duk zuƙewar da aka yi masa har ƙasa tana rage masa kwana. Ta biyu, haɗa shi kai tsaye da farantin sola ba tare da na'urar daidaita caji ba. Farantin da aka rubuta wa bolt 12 yana iya kai bolt 18 ko fiye da tsakar rana, kuma ba ya tsayawa don batir ya cika. Haka ma cajar batirin mota da ake jona masa a wasu shaguna don a gama da wuri. Ƙa'idar caji ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batir: mai Ah 5 yana son rabin amfa, na awa 5 zuwa 10.

Girgiza ita ce ta ƙarshe cikin abubuwan da ke kashe batir. Burji mai ƙunya-ƙunya yana kakkaɓe dalmar da ke jikin faranti, yana kuma karya mahaɗin da ke tsakanin ɗakuna. Batirin da robar ɗaurinsa ta tsinke aka bar shi yana tsalle a mazauninsa, ko aka sa ƙarami a gurbin babba ba a cike gefen ba, shi ya fi saurin gamuwa da wannan.

Alamun da yake nunawa

Alama ta farko a kunne ake jin ta. Sitata da a da ke juya injin da kuzari sai ta fara ja da nauyi, musamman tashin farko na safe. Idan abin ya yi nisa, ana danna maɓalli sai a ji ƙas-ƙas kawai, injin bai motsa ba. Hon ya dishe. Sigina ta yi nawa ko ta tsaya ba ta ƙiftawa. Fitila ta dushe idan injin na silo, ta farfaɗo idan an ja totur. Da yake ƙananan babura na da kik, da yawa kan koma buga kik su manta da maganar. Amma raunannen batir yana ɗora wa rektifaya nauyi, tafiya babu batir sam kuma takan ƙona ƙwan fitila.

Alama ta biyu ta fi ruɗi: batir ya cika da sauri ya kuma ƙare da sauri. An kai shi caji, cikin ɗan lokaci mita ta nuna ya cika, washegari ya kasa. Kamar randa ce da laka ta cike rabinta: ruwa na bakinta, amma moɗa biyu ta ƙare. Wannan batir gishiri ya cinye farantansa ko kuwa ya bushe, sake caji ba zai dawo da shi ba.

Alama ta uku ido da hanci ke gane ta, kuma ita ce mai haɗari. Gefen akwatin ya kumbura, ko ya tsage, ko ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, ko ana jin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Irin wannan a cire shi nan take, kada a sake caja shi, kada a kusanto da taba ko ashana, domin haidurojin na kamawa da wuta idan ya kai kashi 4 cikin 100 na iska. Farin gari ko kore a kan tasoshin batir kuwa ba lallai mutuwa ba ce. Sau da yawa datti ne da sakin ƙusa ke hana wuta wucewa. A kankare, a ɗaure, a shafa ɗan giris, sai babur ya tashi.

Akwai kuma mutuwar da ba ta sallama. Mahaɗin ciki ya karye saboda girgiza, jiya lafiya lau, yau ko fitilar nutural ba ta kamawa. Ita kaɗai ce ke zuwa ba gargaɗi, ita ma ɗauri mai kyau na rage ta.

Awo uku kafin a fitar da kuɗi

Ƴar mitar awon wuta ba ta kai kuɗin batir ɗaya ba, kuma da ita ake raba gardama. Awo na farko, a yi shi bayan babur ya huta awanni, an fi so da safe. Bolt 12.7 zuwa 12.9 na nufin rufaffen batir ya cika. Kusan 12.4 yana neman caji. Ƙasa da 12 ya zuƙe sosai. Idan bayan cikakken caji ya tsaya a wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya mutu, babu gyara.

Awo na biyu, a bar mitar a jone a danna sitata. Idan lambar ta faɗi ƙasa da 9.5 alhali batirin a cike yake, ƙarfinsa ya ƙare. Idan ta zube kusan sifiri, mahaɗin ciki ne ya karye. Awo na uku, injin na aiki an ɗan ja totur. Tsakanin 13.5 da 14.5 lafiya. Ƙasa da 13 babur ba ya caji, a duba kwayil da rektifaya da wayoyi. Sama da 15 rektifaya na dafa batir. Duk mai babur na da haƙƙin ya ce wa mai gyara: “Malam, a auna mini cajin injin kafin a ɗaura sabo.” Bakanike nagari ba zai ji haushin wannan ba.

Wajen saye

Batirin da ya iso Dakoro ya sha hanya. Daga masana'anta a Sin ko Indiya, zuwa jirgin ruwa, zuwa ɗakunan ajiya, zuwa Maraɗi, mai yawa ta hanyar Kano da Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Wanda aka zuba wa asid tun a masana'anta, tun ranar ya fara tsufa. Idan ya yi wata shida a shago mai rufin kwano ba a caja shi ba, ya riga ya yi rauni tun yana cikin kwali. A duba ranar ƙira idan akwai, a auna shi a gaban mai shago. Wanda ya gaza 12.4 a nemi wani. A ɗaga shi a ji nauyi, domin tsakanin batura biyu masu girma ɗaya, mai nauyin ya fi dalma. A tabbata lambarsa ta dace da ta babur ɗin.

Samfurin da ke zuwa a bushe da gorar asid ɗinsa daban ya fi dacewa da doguwar hanya irin tamu, domin kwanansa ba ya fara ƙirguwa sai ranar da aka zuba. Sai dai yana son haƙuri. A zuba asid ɗin duka, a bar shi ya jiƙu minti 30 zuwa awa ɗaya, a rufe, a yi masa cikakken caji a hankali kafin a ɗaura. Wanda aka zuba aka ɗaura aka tafi nan take ba ya kai cikakken ƙarfinsa har ya mutu.

Tsohon mai murafu ma bai zama abin raini ba. A ƙasa mai zafi yana da fifiko guda, ana iya mayar masa da ruwan da ya rasa. Amma yana son tataccen ruwa da dubawa a kai a kai, yana kuma zuba idan babur ya faɗi. Abin da ba shi da amfani shi ne ɓalle murfin rufaffen batir a ɗura masa asid. Ruwa ya rasa, ba asid ba. Ƙarin asid na ƙara cin farantan, ruwan rijiya na shigar da gishirin ƙasa, iskar waje kuma na lalata farantin da aka rufe don a kare shi. Yakan farfaɗo na ƴan kwanaki ya mutu gaba ɗaya.

Sauran kulawar ba ta cin ko dala. A kafe babur a inuwa. Kada a danne sitata fiye da daƙiƙa 5, a huta daƙiƙa 10 kafin a sake. Tashin farko na safiyar hunturu a yi shi da kik. Wanda zai yi doguwar tafiya ya cika batir, ya cire wayar da ke kan alamar ragi, ya ajiye shi wuri mai sanyi, ya bar wa wani amanar caja shi sau ɗaya a wata.

Bayan ya mutu

Mataccen batir guba ne. Fiye da kashi uku cikin huɗu na dalmar da duniya ke amfani da ita batura take shiga, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, illar kuma ba ta warkewa. A Thiaroye-sur-Mer, gefen birnin Dakar na Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin Nuwamba 2007 da Maris 2008 saboda fasa tsofaffin batura da tace dalmarsu a cikin unguwa. A Zamfara, maƙwabciyarmu, sama da yara 400 suka rasu a annobar gubar dalma da ta bayyana a 2010. Can daga duwatsun zinariya dalmar ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Don haka kada a bar mataccen batir a tsakar gida yara na wasa da shi, kada a fasa shi, kada a narka dalmarsa a murhun girki, kada a tuttular da ruwansa kusa da rijiya ko wurin shan dabbobi. A mayar da shi a rufe ga mai shago ko masu sayen tsofaffin batura. Hukumomin gari da ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu da masu gyara na iya ware wuri guda mai rufi da daɓen siminti inda za a riƙa tara su, masu shaguna kuma su rage wa wanda ya kawo tsoho wani abu a kuɗin sabo. Kowane gareji daga Kornaka zuwa Bermo ya kamata ya mallaki mita da ƙaramar caja mai tafiya a hankali, a kuma koya wa yaran gareji awon nan uku tun suna koyon kwance taya. Zafin Dakoro ba mai iya rage shi, amma sauran abubuwan da ke kashe batir kafin lokacinsa duk a hannun mai babur da mai gyara da mai shago suke.